Ba A Shiga Gida Sai Da Sallama

A cikin watan Mayu na 2020, sa'ad da annobar korona ta game duniya, kamfanonin Apple da Google suka cusa wata dabara cikin wayoyin miliyoyin mutane domin bin sawun waɗanda suka cuɗanya da masu cutar. In wayoyi biyu suka kusanci juna sai su yi musayar lambobin sirri ta Bluetooth. Wanda aka samu da cutar in ya sanar, sai a gargaɗi waɗanda suka kusance shi cikin kwana 14.

Ko shakka babu an yi haka ne da kyakkyawar niyya. Gaskiya ne kuma dabarar ba ta aiki sai mai waya ya kunna ta. Amma ba a nemi yardar kowa ba kafin a sa ta. Mutane sun wayi gari ne suka tarar da baƙo a ɗaka. A jihar Masacuset ta Amurka ma, a watan Yuni na 2021, manhajar hukuma ta shiga wayoyin Android ba da sanin masu su ba, har aka kai ƙara kotu a 2022.

Wani zai ce ai rai ya fi sirri. Haka ne, amma mu dubi abin da ya faru a Singafo. Gwamnatin ƙasar ta yi alkawari cewa bayanan manhajarta, TraceTogether, na yaƙi da cuta ne kaɗai. A watan Janairu na 2021 sai ga ta a majalisa tana amsa cewa 'yan sanda na iya karɓarsu. Sai da jama'a suka yi ca sannan aka yi doka aka taƙaita hakan ga manyan laifuffuka iri 7.

Asarar kuwa kan kiwon lafiya take komawa, domin irin wannan dabara ba ta da amfani sai mutane da yawa sun amince sun kunna ta, kuma wanda aka saɓa wa alkawari yau ba zai amince gobe ba.

Annobar ta lafa, amma ƙofar da aka shigo ta cikinta tana nan buɗe. Hausawa na cewa in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Sashe na 37 na Tsarin Mulkinmu na 1999 ya kare sirrin ɗan ƙasa, ga kuma Dokar Kare Bayanai ta 2023. A ganinmu wajibi ne hukuma ta shimfiɗa ƙa'ida tun yanzu: a sanar da jama'a, a nemi yardarsu, a yanka ranar goge bayanai, kada kuma a miƙa su ga kowa sai da iznin kotu. Tun ran gini, tun ran zane.