An Sallamo Gwaggo Daga Asibiti, Saura Gashi

 Yau maganar jinya na zo muku da ita, watau jinyar wanda ɓarin jikinsa ya shanye. Da wuya a sami wadda za ta karanta wannan ta ce ba ta taɓa ganin mai wannan lalura ba, ko a gidansu, ko a gidan miji, ko a maƙwabta. Masu bincike sun ƙiyasta cewa cikin kowane mutum 4 da suka haura shekara 25 a duniya, ɗaya zai gamu da ita a rayuwarsa. In kuwa ta faɗo gida, ba sai na gaya muku mai wankin zane da dama kunu da kwanan zaune ba. Mu ne.

Abin da ya sa na ta da zancen, wasu abubuwa biyu ne da suka auku a ƙarshen watan Mayu na 2023, waɗanda har yanzu ba mu fita daga cikinsu ba. Na farko, Babban Taron Lafiya na Duniya da ya zauna a Jeniba ya zartas da ƙuduri, irinsa na farko, cewa kowace ƙasa ta sa aikin farfaɗo da jikin majiyyaci cikin tsarin asibitocinta tun daga ƙaramin asibitin ƙauye. An ce mutum wajen miliyan 2,400 ne a duniya ke da lalurar da irin wannan aiki zai amfana, watau kusan ɗaya cikin uku. Nijeriya tana cikin ƙasashen taron. Na biyu kuwa, ran 29 ga wannan wata aka yi shelar janye tallafin mai, cikin 'yan kwanaki litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta koma 500 har da ɗoriya. Za ku ce me ya haɗa kifi da kaska? To, ku biyo ni.

Gwaggona ce ta tashi alwala da asuba, buta ta suɓuce daga hannunta na dama, baki ya karkace, magana ta ƙi fita. Mun yi sa'a aka kai ta asibiti a ranar. Likita ya ce jijiyar jini ce ta toshe a ƙwaƙwalwa ta gefen hagu, shi ya sa dama ta mutu, kuma hawan jini ne sanadi. Bayan kwana 12 aka sallame mu da ƙunshin magani da 'yar takarda, aka ce mu riƙa kawo ta gashi. Babu wanda ya zaunar da mu ya gaya mana mene ne gashin nan, balle dalilin da ya sa ake gaggawarsa.

Sunan ma shi ya fara ɓad da mu. Mu Hausawa in aka ce gashi, sai hankalinmu ya tafi ga ruwan zafi da tsumma, irin na mai jego. Muka ce ai wannan a gida ma ma yi. Saura kaɗan mu ƙona mata ƙafa, domin gefen da ya shanye sau da yawa ba ya jin zafi kamar da, sai fata ta sale mai ita bai sani ba. Ranar da muka kai ta wurin malamar gashi, bayan wata guda cur, sai muka ga ashe zafin shi ne ƙaramin abu a cikin aikin. Suna da na'urorin ɗumi, da ƙanƙara, da wata 'yar na'urar lantarki da ake mannawa a fata, suna kuma yin tausa, amma duk waɗannan don rage ciwo ne da sassauta gaɓa. Asalin aikin motsi ne, a yi ta maimaitawa har ƙwaƙwalwa ta koya.

Ga yadda ta fahimtar da ni. Hannun Gwaggo lafiyarsa lau, wurin da ke ba shi umarni ne ya lalace. Amma Allah Ya yi ƙwaƙwalwa da iya sake hanya, sassan da suka tsira sukan karɓi aikin wanda ya mutu, in dai ana ta neman aikin a wurinsu. Kuma wannan koyo ya fi sauri a wata 3 na farko, ya ɗan ci gaba zuwa wata 6, daga nan sai a hankali, ko da yake ba ya tsayawa ɗungum. Da na ji haka sai na tuna da 'yan aji ɗaya da nake koyarwa. Yaron da uwarsa ke rubuta masa aikin gida, littafinsa ya fi na kowa tsabta, amma shekara za ta ƙare bai iya riƙe fensir ba.

To, a nan ne muke kuskure, kuma kuskuren na tausayi ne. Da zarar an dawo da babba gida sai mu shimfiɗe shi a ƙuryar ɗaki, mu ba shi abinci a baki, mu ɗaura masa zane, mu hana shi ko miƙa hannu ya ɗauki kofi. Matar ɗa kuwa da za ta ce wa surukarta, "Inna, daure ki ɗebo da kanki," kafin la'asar labari ya zaga dangi cewa ba ta da imani. Saboda tsoron bakin mutane sai ta yi ta yi mata kome, hannun kuwa yana nan naɗe a ƙirji, yatsu suna dunƙulewa, har gaɓoɓin su sandare yadda ko gwani sai ya sha wuya kafin ya miƙe su. Ni ma na sha wannan suna, wata 'yar'uwarmu har cewa ta yi boko ya busar mini da zuciya.

Abin da aka koya mana ba ya bukatar na'ura. Wanda bai iya juyawa da kansa ba, a juya shi kamar kowace awa 2, don kada kwanciya ta ci masa baya da ƙugu ta zama gyambo. A tokare hannun da ya shanye da matashi, kada a bar shi yana reto. Kada a kuskura a ɗaga majiyyaci ta hanyar jan wannan hannu, domin naman da ke riƙe kafaɗar ya saki, ja ɗaya yana iya gurɗa ta ya bar masa ciwon watanni. Kullum a bi gaɓoɓi ɗaya bayan ɗaya, yatsu, wuyan hannu, gwiwar hannu, kafaɗa, sa'an nan ƙafa, ana lanƙwasawa ana miƙewa sannu sannu, in ya ce da zafi a dakata. A zaunar da shi sosai kafin a ba shi abinci ko ruwa, saboda shaƙewa. Daga nan sai zama a bakin gado, sai tsayuwa, sai koyon ɗora nauyi a kan ƙafar mai rauni, sai taku. Mu gora biyu muka kafa a tsakar gida, ta riƙa dafawa tana bi ta tsakaninsu. Hannu kuwa, tsintar wake daga faranti zuwa kwano da jan carbi su ne darasinta. Amma fa lokacin fara kowane mataki, masanin gashi ne zai faɗa bayan ya duba mutum, don na wani ba ya zama na wani.

Yanzu sai mu komo kan kifi da kaska. Wannan sana'a ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Tun 1945 aka fara ta a asibitin ƙashi na Igbobi a Ikko, domin sojojin da suka komo da raunuka daga yaƙin duniya na biyu, a 1966 kuma Jami'ar Ibadan ta fara ba da digiri a kanta. Jami'ar Bayero ma tana yaye su. Duk da haka har gobe masu aikin suna tattare ne a manyan asibitocin birni, irin su Dala da Asibitin Malam Aminu Kano, da Shika, da na koyarwa a Sakkwato da Maiduguri, da manyan asibitocin jihohi, wasu kuma da dama sun tsallaka ƙasashen waje. Wanda ɓarin jikinsa ya mutu ba ya hawa babur, ba ya cusuwa a motar haya, sai an ɗauki shata, kuma a ce sau biyu ko uku a mako. Tun da mai ya tashi, kuɗin motar yakan fi kuɗin gashin. Sai gida ya je sau uku ko huɗu, a ce a bari sai an sayar da amfanin gona. Kafin nan watanni ukun nan masu daraja sun wuce.

Saboda haka ni a ganina ƙudurin Jeniba ba zai yi mana rana ba sai ya sauko ƙaramar hukuma. Ba na cewa a kai masanin gashi kowane ƙauye, babu su da yawa haka. Amma me zai hana a ba kowane babban asibitin ƙaramar hukuma ko da guda, ya riƙa zaga ƙananan asibitoci ranar kasuwa, lokacin da mota take samuwa? Me zai hana a koya wa malaman asibitin karkara waɗannan abubuwa da na lissafa, yadda aka koya musu awon ciki da rigakafi? Wanda ma ya fi sauƙi, kada a sallami mai wannan ciwo sai an kira wadda za ta yi jinyarsa an nuna mata da hannu, ta gwada a gabansu. Wannan ko kwabo ba zai ci wa gwamnati ba. Ƙungiyoyinmu na mata da ke zuwa gaisuwa wurin shugabannin ƙananan hukumomi, ga abin roƙo nan.

Kafin a yi, ke da ke da majiyyaci a asibiti yanzu, kada ki naɗe tabarma sai kin nemi a haɗa ki da sashen gashi, ki tafi da wani namiji na gidan ya ji da kunnensa, don ya tare miki bakin dangi. Kada kuma a daina maganin hawan jini don an ga sauƙi, ciwon yakan komo.

Gwaggo dai yanzu tana zuwa bayan gida da sanda, tana cin tuwo da damarta, ko da yake sai an yanka mata loma. Yatsunta biyu na ƙarshe ba su miƙe ba. Malamar gashi ta ce da mun zo tun makon da aka sallame mu, mai yiwuwa da sun fi haka.