Hiroshima: bala'i ne ko aika-aika?

Duk ranar 6 ga watan Agusta za ku ga ana ta yaɗa hoton wannan hayaƙin mai kama da lema, a ƙasa an rubuta "bala'in Hiroshima". Ƴan uwa matasa, mu ɗan tsaya kan kalmar nan. A bakin Bahaushe bala'i sauka yake yi. In ya sauka sai a ce ƙaddara, a yi jaje, a watse. Ba wanda ake tuhuma.

To bam ɗin 1945 ba saukowa ya yi da kansa ba. Tun watan Mayu wani kwamiti ya zauna a Los Alamos ta Amurka yana tantance biranen da za a jefa wa. Sakataren yaƙi Henry Stimson ya sa aka cire Kyoto daga jerin. Hiroshima kuwa an hana a yi mata ruwan bama-bamai na yau da kullum, don in sabon makamin ya faɗa a iya auna ɓarnarsa sosai. Ƙarfe 8 da minti 15 na safe, mutane na hanyar aiki, jirgin Enola Gay ya saki bam ɗin. Kafin ƙarshen shekarar kimanin mutum dubu 140 sun mutu. Bayan kwana 3 aka nufi Kokura, gajimare da hayaƙi suka rufe garin, sai matuƙin ya juya Nagasaki. Wace girgizar ƙasa ce ke da jerin sunaye da zaɓi na biyu?

Ranar 17 ga Satumba, mako 6 kacal bayan bam, wata guguwar teku ta afka wa lardin Hiroshima ta kashe kimanin mutum dubu 2. Wannan kam bala'i ne, ba wanda ya sa hannu a takarda. In mun kira su biyun da suna ɗaya, mun wanke shugaba Truman da mutanensa kyauta.

Wasu za su ce ai bam ɗin ne ya kawo ƙarshen yaƙi, kuma sojan Japan ma sun yi ta'asa a Nanjing a 1937. Ta'asar Nanjing gaskiya ce. Amma ɗan makarantar da ya ƙone a Hiroshima ba shi ya yi ta ba. Kuma duk mai cewa "dole ce ta sa" ya riga ya yarda shawara aka yanke, shawara kuwa tana da mai ita. Wasu kuma za su ce ga wanda fatarsa ta saɓule, ko sankarar jini ta kama shi bayan shekaru, ina ruwansa da suna? Ku dubi waɗanda suka tsira: ba su tsaya karɓar jaje ba, sun kafa ƙungiyar Nihon Hidankyo a 1956 suna neman a haramta makamin, har suka samu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 2024. Ba a kafa ƙungiya don a haramta guguwa.

Kada mu ce abin ya yi mana nisa. Yawancin uraniyom ɗin bam ɗin Hiroshima daga mahaƙar Shinkolobwe ta Kongo aka haƙo shi. Faransa kuma a Reggane, cikin Saharar Aljeriya maƙwabciyarmu, ta gwada bam ɗinta na farko a 1960. Mu da ke da Arlit ya kamata mu fi kowa kula da irin wannan magana.

Saboda haka mu yi wa mamata juyayi, amma mu faɗi zancen cikakke: Amurka ta jefa bam kan gari cike da fararen hula. Duk lokacin da mai mulki ya ce maka "bala'i ya auku", ka tambaye shi: wa ya sa hannu?