ZAGA DUNIYA DAGA ƊAKINKI: Masauki a Tsakiyar Birnin Port of Spain

Wasiƙar da na zaɓa wannan karo daga Zariya ta zo, daga wata amarya da angonta zai je wani kwas na mako biyu a ƙasar Tirinidad da Tobago, ya ce ƙafarsa ƙafarta. Ta ce, "Anti, shi yana so mu sauka a otal na tsakiyar gari don kusa ne da wurin kwas ɗinsa, ni kuwa tsoro nake ji, don yini zan yi ni kaɗai. Ya zan yi?"

To ƙanwata, kwantar da hankalinki. Tirinidad tsibiri ne a tekun Karibiyan, dab da ƙasar Benezuwela, ta sami 'yancin kai daga Ingila a 1962, kuma Turanci suke yi, sai dai fa Turancin nasu kamar waƙa yake fita, sai kin kasa kunne kwana biyu kafin ki kama. Babban birnin shi ne Port of Spain, ƙaramin gari ne, ko kusa da Kano bai kai ba, duwatsu a bayansa teku a gabansa. Tafiyar akwai nisa, akasari sai an bi ta Landan ko Amurka kafin a sauka filin jirgin Piarco.

Ni dai ina bayan angonki, amma da gyara. Amfanin sauka cikin gari shi ne ƙafarki ce motarki, ki fita ki sha kallo ki dawo ki yi sallah ki huta, kuɗin tasi ya zauna a jakarki. Sai dai "cikin gari" iri biyu ne. Akwai ƙasan gari wajen bakin ruwa, inda otal ɗin Hyatt Regency da aka buɗe a 2008 yake, kusa da dandalin Independence Square da shagunan titin Frederick. Da rana wurin cike yake maƙil, amma da an tashi daga aiki an rufe shaguna sai titunan su yi tsit. Akwai kuma saman gari, kewayen wani makeken fili mai ciyawa da ake kira Queen's Park Savannah. Idan aljihu ya yarda, nan nake so ku nema, don ƙananan gidajen baƙi ma suna nan a unguwannin kusa, ba dole sai babban otal ba.

Kai, filin nan kam abin kallo ne! Zagayensa kusan kilomita 3 da rabi ne, da yamma za ki ga mata da maza suna motsa jiki, masu kwakwa sun jera motocinsu, a sare miki ɗanya ki sha ruwanta nan take. A gefensa na yamma akwai wasu tsofaffin gidaje guda 7 da aka gina a farkon shekarun 1900, kowanne da irin yanga tasa, wani ma kamar fadar da ake zanawa a littafin yara. Daga arewa ga lambun itatuwa da aka kafa tun 1818, da gidan shugaban ƙasa, da gidan namun daji. A kan tudu kuma ga otal ɗin Hilton na 1962, wanda ake yi wa laƙabi da otal mai kai a ƙasa, don ta sama ake shiga, sannan a sauka zuwa ɗakuna. Ko ba ku sauka can ba, ku je ku sha lemo ku hango gari.

Idan kin gangara ƙasan gari da safe, ki tsaya ki ga jan ginin majalisarsu, Red House. A 1897 aka fara shafa masa jan fenti, ya ƙone a 1903 lokacin da jama'a suka yi bore kan kuɗin ruwan famfo, aka sake gina shi a 1907. Ashe rigimar ruwa ba yau aka fara ba! Can kusa akwai titin da a 2017 aka sa wa sunan Janelle Commissiong, 'yar garin da ta zama baƙar mace ta farko da ta ci gasar Miss Universe a 1977. A kan wannan titi ne masallacin Juma'a na cikin gari yake.

I, masallaci na ce. Musulmi ba su da yawa, amma suna da daɗewa, ƙaramar sallah ma hutu ce a ƙasar, kuma Musulmi, Noor Hassanali, ya yi shugaban ƙasa daga 1987 zuwa 1997. Mafi yawansu jikokin Indiyawa ne da aka fara kawowa aikin rake a 1845. Abin da ya fi taɓa min zuciya shi ne kafin su akwai namu, Musulmin Afirka ta Yamma da aka kai bauta, har da Hausawa a cikinsu. Wani malami, Jonas Mohammed Bath, wanda ya rasu a 1838, ya jagoranci wata ƙungiya a wannan birni, suna tara kuɗi suna fansar 'yan uwansu ɗaya bayan ɗaya. Ki tuna da su idan kina taka titunan nan.

Maganar ciki kuwa, ki nemi abin da suke kira "doubles", wata 'yar waina ce mai laushi guda biyu da ake zuba wa wake irin na Indiya, ba nama a ciki. Amma ki ce a sa miki yaji kaɗan, barkononsu ba na wasa ba ne, ko ke 'yar Zariya sai kin yi hawaye. A otal kuma kada kunya ta hana ki tambaya, don suna cin naman alade, kuma akwai kek ɗinsu da ake jiƙawa da giya.

Yanzu ga inda nake so ki buɗe kunne. Garin yana fama da rikicin 'yan daba, har gwamnati ta kafa dokar ta-ɓaci a ƙarshen 2024. Unguwannin gabas irin su Laventille, inda kiɗan gangar ƙarfen nan tasu ya samo asali, kada ku shiga sai da ɗan gari. Sarƙa da awarwaron lefe ki bar su a gida Zariya. Fasfo ya zauna a akwatin ajiya na otal, ki riƙe hotonsa. Tasi ta gaskiya lambarta da harafin H take farawa, gara ma ki sa otal su kira miki. Da magariba ta yi, ko filin Savannah ɗin kada ki ratsa ta tsakiyarsa.

Ki kuma tambayi angon watan da za ku tafi. Idan ya faɗo lokacin bikin Kanibal, wato Fabrairu ko Maris, ɗaki sai wanda ya kama tun da wuri, kuɗin ya ninka, kiɗa kuma ba dare ba rana, ga shigar da ba lallai idonki ya iya ɗauka ba. Daga Yuni zuwa Disamba damina ce, sai ki sa 'yar lema a jaka. Idan kun dawo ki aiko mana da hoto, sai mun haɗu a fitowa ta gaba.