Labulen da ke Raba Jirgi Biyu

Babu mai musun cewa gaban jirgi akwai daɗi. Layinka daban, ɗakin jiranka daban, kayanka ne ke fara fitowa. Kafin a tashi an miƙo maka lemo da tawul mai ɗumi, abinci kuma a farantin tangaran. Tun shekarar 2000 da British Airways ta kawo kujerar da ke miƙewa ta zama gado, sauran manyan kamfanoni suka bi sahu. Gadon nan yana cin wurin mutum uku ko fiye, shi ya sa kuɗinsa kan ninka na baya sau uku ko huɗu. Wanda ya biya da guminsa, Allah ya sa barci mai daɗi. Rigimata da wanda aka biya wa ne.

Sunan wurin wai "ajin 'yan kasuwa". To, ka leƙa ka gani. Alhajin Maraɗi da ke zuwa Dubai ko Gwanju saro kaya yawanci yana can baya, gwiwa a takure, domin ya san kowace dala daga uwar kuɗinsa take fita. Su wa ke miƙe ƙafa a gaba? Darakta da mai ba minista shawara, za su taro a Turai kan yunwa da talauci. Wanda bai san zafin nema ba, ina zai san zafin kashewa?

Hujjarsu ɗaya ce: dole wakilin ƙasa ya isa da kuzarinsa. Daga Yamai zuwa Paris bai kai awa 6 ba. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, malamin makaranta ya wuni a bas, ya kwana da ciwon baya, gari na wayewa ya shiga aji. Jikinsa na ƙarfe ne? A ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake jika 42 a wata, rarar tikiti guda ta isa albashin lebura na watanni masu yawa.

Kada wani ya ce mana ba ta yiwuwa. Thomas Sankara, da ya mulki Burkina Faso daga 1983 zuwa 1987, ya hana jami'ansa tikitin ajin farko, ya sayar da Marsandin gwamnati, ya sa ministoci cikin Renault 5. John Magufuli na Tanzaniya yana hawa mulki a 2015 ya taka wa tafiye-tafiyen jami'ai burki. Ba a ji wata yarjejeniya da ta rushe don minista ya kwana a zaune ba.

Abin da muke nema kaɗan ne. A rubuta a doka: baitulmali zai biya kujerar baya kawai, mai son gado ya cika daga aljihunsa. A kuma riƙa buga kuɗin kowace tafiya, talaka ya gani. Gaba da baya dai, minti ɗaya jirgin ke sauke su.