FILIN KIWON LAFIYA: "Da Sauƙi" Ba Ta Isa Awon Ciwon Gaɓoɓi Ba

 

Al'adarmu ce idan aka ce wa majinyaci "Yaya jiki?" ya amsa da "Da sauƙi", ko da kuwa bai runtsa ba daren jiya. Wannan ladabi ne da tawakkali, ba kuwa mai kushe shi. Amma akwai inda amsar nan take cutar mai ita, watau gaban likita, musamman ga mai fama da amosanin gaɓɓai mai kumburi, wanda likitoci ke kira rumatoyid.

Ciwon nan dabam yake da sanyin ƙashi na tsufa. Garkuwar jiki ce take juyowa ta far wa tantanin da ya shimfiɗe cikin gaɓa, sai gaɓar ta kumbura. Ya fi kama yatsu da wuyan hannu, dama da hagu tare. Mai shi yakan tashi da asuba hannuwa a sandare, alwala ma ta zame masa aiki, sai a yi awa guda kafin su saki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 18 ne ke ɗauke da shi, wajen kashi 70 cikin ɗari kuwa mata ne.

Mugun halinsa shi ne irin na wutar ƙaiƙayi, sama toka ƙasa wuta. Ƙwayar kashe zafi ta kemis tana danne raɗaɗi, mutum ya ce ya samu sauƙi, alhali kumburin yana nan yana cin guringuntsi da ƙashi. Abin da ya ci kuwa ba ya dawowa. Domin haka likitoci suka ga lalle sai an yi wa ciwon mudu.

Mudun da ya fi shahara shi ne DAS28, wanda likitocin birnin Naimegen na ƙasar Holan suka fitar a 1995. Likita zai bi gaɓoɓi 28 ɗaya bayan ɗaya: kafaɗu 2, gwiwoyin hannu 2, wuyan hannu 2, gaɓoɓin tushen yatsu 10, na tsakiyar yatsu 10, da gwiwoyin ƙafa 2. Zai ƙidaya nawa ne suke ciwo in an danna, nawa ne kuma suka kumbura. Sa'an nan a ɗebi jini a zuba cikin siririyar kwalba a tsaye, a ga milimita nawa jajayen ƙwayoyinsa suka kwanta cikin awa ɗaya. Ko kuma a auna wani sinadari mai suna CRP da hanta take fitarwa in akwai kumburi a jiki. Na huɗu, majinyaci da kansa zai nuna a kan ma'auni yadda ciwon ya dame shi. A nan ne fa "da sauƙi" ta kunya take ɓata lissafi.

Idan aka haɗa waɗannan huɗu, lamba ɗaya take fita. Sama da 5.1 ciwo yana ganiyarsa. Daga nan zuwa 3.2 yana tsaka-tsaki. Ƙasa da haka ya yi sanyi. In kuwa ya gaza 2.6, an ce ciwo ya lafa.

Mudun nan yana da nasa aibi. Bai ƙidaya gaɓoɓin sawu da yatsun ƙafa ba, saboda haka wanda ƙafarsa ke damunsa sai ya buɗe baki ya faɗa. Har ila yau, ƙarancin jini da juna biyu da tarin fuka suna ɗaga awon kwanciyar jini, zazzaɓin cizon sauro kuma yana ɗaga CRP, duka kuwa ba baƙinmu ba ne a ƙasar nan. Akwai wani mudu mai suna CDAI da likitocin Biyana ta ƙasar Ostiriya suka gabatar a 2005, wanda ba ya bukatar jini ko kaɗan. Ana tara gaɓoɓi masu ciwo da masu kumburi, a ƙara makin majinyaci da na likita, kowanne daga 0 zuwa 10. Jimillar da ba ta wuce 2.8 ba lafawa ce, wadda ta haura 22 kuwa ciwo ya tsananta. Wannan ya dace da asibitin da ba ɗakin gwaji, da aljihun da ba nauyi.

Wani zai ce, ina amfanin wannan ƙidaya? A 2004 an buga sakamakon wani bincike na birnin Gilasgo a Birtaniya. An raba majinyata gida biyu: wasu ana auna su kowane wata ana ƙara magani muddin lamba ba ta sauka ba, wasu kuma ana duba su yadda aka saba, bayan wata uku-uku. Bayan wata 18, kashi 65 cikin ɗari na rukunin farko ciwonsu ya lafa, na biyu kuwa kashi 16 kacal. Ƙa'idar da likitoci ke bi a yau ita ce: in wata uku ya wuce ba ci gaba, ko wata shida ba a kai ga lafawa ba, a sake tsarin magani.

To, sai babban gargaɗi. Lafawa ba warkewa ba ce. Da yawa sukan ga kumburi ya sace, hannu ya koma riƙe muciya ko alƙalami, su ajiye magani, ciwo kuwa ya dawo. Maganin da aka fi farawa da shi, metotireset, sau ɗaya ake shansa a mako, ba kullum ba. Rage shi aikin likita ne, bayan lafawar ta ɗore aƙalla wata shida, kuma sannu a hankali.

Shawarata ga mai wannan ciwo: ya nemi ɗan littafi. Duk ranar asibiti ya roƙi likita ya ƙidaya masa gaɓoɓi, ya rubuta kwanan wata da lambar da ta fita, da minti nawa hannunsa yake yi a sandare da safe. "Da sauƙi" a bar wa 'yan dubiya. Likita kam a gaya masa gaskiya, domin mai ɓoye ciwonsa shi ya ɓoye maganinsa.

Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.