'Yancin ƙananan hukumomi: A bakin Tafkin Kainji za a gane ko an samu canji

A ranar Laraba, 26 ga Mayun 2021, wani jirgin ruwa na katako da ya taso daga Lokon Minna a Jihar Neja zuwa garin Wara, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski a Jihar Kebbi, ya tsage a tsakiyar ruwa ɗauke da mutum fiye da 150, akasarinsu mata da ƙananan yara. Kaɗan ne suka tsira. Shugaban ƙaramar hukumar na wancan lokaci ya shaida wa manema labarai cewa jirgin bai kamata ya ɗauki fiye da mutum 80 ba, kuma bayan fasinjoji har da buhunan ƙasa da aka ɗebo daga wurin haƙar zinare aka loda masa. Kwanaki aka yi ana tsamo gawarwaki, hukumomi kuma na ta bayar da alƙaluma masu karo da juna, domin babu wanda ya rubuta sunan ko da mutum ɗaya kafin jirgin ya bar gaɓa.

A farkon Oktoban 2023 aka sake jin irin wannan labari, lokacin da wani jirgin da ya ɗauko 'yan kasuwa daga yankin Agwara zuwa Yauri ya kife, mutane da dama suka ɓace. A kowane karo ana yin ta'aziyya, a raba kayan agaji, a ɗauki alƙawari. Tambayar da ba a cika tsayawa a kanta ba ita ce: wace hukuma ce ya kamata a ce jami'inta yana tsaye a bakin ruwan da safiyar ranar, yana ƙirga masu shiga?

Amsar wannan tambaya tana da alaƙa ta kai-tsaye da muhawarar da ta mamaye ƙasar nan tun bayan hukuncin Kotun Ƙoli kan kuɗin ƙananan hukumomi.

Abin da kotu ta ce

A ranar 11 ga Yulin 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya, Lateef Fagbemi, ya shigar da gwamnonin jihohi 36. A hukuncin da Mai Shari'a Emmanuel Agim ya karanta, kotun ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi 774 kasonsu daga Asusun Tarayya kai-tsaye, ta haramta wa gwamnoni riƙe kuɗin, ta kuma ce naɗa kantomomi a madadin zaɓaɓɓun shugabanni ya saɓa wa kundin tsarin mulki. Kason da ake magana a kai shi ne kashi 20.60 cikin 100 na abin da ake rabawa duk wata, wanda shekara da shekaru yake bi ta asusun haɗin gwiwa da sashe na 162 ya tanada.

Jihar Kebbi ta gudanar da zaɓenta a ranar 31 ga Agustan 2024, inda jam'iyyar APC mai mulki ta lashe kujerun shugabanni 21 da na kansiloli 225 baki ɗaya. Haka sakamakon ya kasance a mafi yawan jihohi, ko wace jam'iyya ce ke riƙe da gidan gwamnati. Batun biyan kuɗi kai-tsaye kuwa ya yi ta tafiyar hawainiya a faɗin ƙasa, ana ta ja-in-ja kan buɗe asusu a Babban Bankin Najeriya da sharuɗɗan da za a cika.

Mafi yawan sharhin da ake yi ya tsaya ne kan hanyar da kuɗi zai bi. Ga mazauna Yauri da Ngaski da Shanga, ƙananan hukumomi uku na Masarautar Yauri, abin da ya fi muhimmanci shi ne aikin da kuɗin zai yi idan ya iso, da kuma wanda za a kama da laifi idan bai yi ba.

Ƙasar da ruwa ya sauya

Ba za a fahimci buƙatun wannan yanki ba sai an koma kan Madatsar Ruwa ta Kainji, wadda aka fara ginawa a 1964 aka kammala a 1968. Tafkin da ya taru a bayanta ya kai tsawon kilomita fiye da 130, ya haɗiye tsohon garin Bussa da gungunan da Gungawa suka zauna a kai tun kaka da kakanni, da fadamun da ake noman albasa da shinkafa. An tashi mutum fiye da dubu 40 aka sake musu matsuguni. An gina madatsar ne domin samar da lantarki ga ƙasa, amma har yau akwai ƙauyuka a gaɓar tafkin da ke kwana cikin duhu.

Tafkin ya bar abubuwa biyu da ke ci gaba da shafar rayuwar yau da kullum. Na farko, ya zama babbar hanya. Mutanen Agwara da Borgu da ke tsallaken ruwa a Jihar Neja suna cin kasuwannin Yauri da Wara, kuma zagayawa ta mota na cin lokaci da kuɗin da talaka ba shi da su, ga fargabar 'yan bindiga a wasu hanyoyin. Na biyu, itatuwan da ruwa ya mamaye ba a sare su duka ba. Kututturansu na nan a ƙarƙashin ruwa, matuƙin da bai san hanya ba, ko wanda dare ya yi masa, yana iya afka musu.

Saboda haka abin da tashar mota take a Birnin Kebbi ko Jega, shi ne bakin ruwa a Yelwa da Zamare da Wara. A nan ake lodi, a nan ake sauke kifi da albasa da hatsi da dabbobi, a nan kuma ake karɓar kuɗin shiga.

Aiki ɗaya, iyayen gida da yawa

A kan takarda, ba a rasa masu kula da tafkin ba. Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, NIWA, wadda aka kafa a 1997 mai hedikwata a Lokoja, ita ke da alhakin yi wa jirage rajista da tabbatar da ƙa'idojin sufuri, kuma tana da ofishin shiyya a Yauri. A watan Janairun 2024 Kotun Ƙoli, a shari'ar da ta haɗa hukumar da Jihar Legas, ta tabbatar da cewa iko kan hanyoyin ruwa na cikin gida yana hannun Gwamnatin Tarayya. Akwai kuma hukumar raya yankunan da ke samar da lantarki daga ruwa, HYPPADEC, mai hedikwata a Minna, wadda ta raba rigunan kariya daga nutsewa a garuruwan gaɓa. Ga hukumar agajin gaggawa ta jiha, ga 'yan sandan ruwa.

Sai dai ofishi ɗaya a Yauri ba zai iya sa ido kan tungaye da mashigai da suka warwatsu a gaɓa mai tsawon haka ba. Hukumar da take da kansila a kowace mazaɓa, da ma'aikatan haraji a kowace kasuwa, ita ce ƙaramar hukuma. Kuma kundin tsarin mulkin 1999 bai bar ta hannu rabbana ba. Jadawali na huɗu ya lissafa ayyukanta, a ciki har da bayar da lasisin kekuna da amalanke da kwale-kwale, da kafawa da kula da kasuwanni da tashoshin mota, da gina hanyoyin cikin gari da magudanan ruwa, da rajistar haihuwa da mutuwa.

Lauyoyi na iya yin gardama kan inda kwale-kwale ya ƙare, inda babban jirgi mai inji ya fara. Amma babu dokar da ta hana majalisar ƙaramar hukuma yin dokar cikin gida da za ta ce ba mai lodi a bakin kasuwarta sai an rubuta sunayen fasinjoji, an duba layin da ke nuna iyakar kaya a jikin jirgi, kowa ya sa rigar kariya, kuma ba tashi bayan faɗuwar rana. Babu abin da ya hana ta ɗaukar matasa 'yan asalin gaɓar su yi wannan aiki tare da jami'an NIWA. Littafin rajista da alƙalami da fenti da albashin mutum biyu a kowane mashigi ba su kai kuɗin motar shugaba ɗaya ba. Hukumar da ke iya aika mai yankan rasit ranar kasuwa tana iya aika mai ƙirga fasinja.

Darasi daga masunta

Tafkin kansa ya taɓa gwada irin wannan tsari. A shekarun 1990, wani shirin haɗin gwiwa tsakanin Najeriya da Jamus kan bunƙasa kamun kifi a Kainji ya tarar da cewa taru mai ƙananan idanu na kwashe 'ya'yan kifi, kama yana raguwa. Jihohin Neja da Kebbi suka yi dokokin kamun kifi, aka fito da lasisi. Abin da ya sa tsarin ya yi tasiri a lokacin shi ne shigar da sarakunan gargajiya da sarakunan ruwa na tungaye, waɗanda suka san kowane masunci da sunansa da jirginsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Wannan tsani yana nan har yau, daga Mai Martaba Sarkin Yauri, Dakta Muhammad Zayyanu Abdullahi, zuwa hakimai da dagatai da sarakunan ruwa da shugabannin matuƙa jirage. Bikin Rigata da ake yi a Yauri na nuna cewa idan ana so, ana iya tsara ɗimbin jirage a kan ruwa lafiya a watse lafiya. Abin da ya rage shi ne a mayar da tsarin rana ɗaya ya zama na kowace ranar kasuwa, da doka a bayansa da kasafi a ƙarƙashinsa.

Hujjar masu ɗari-ɗari

Masu shakkar 'yancin ƙananan hukumomi suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Babba daga ciki ita ce albashin malaman firamare da ma'aikatan lafiya a matakin farko, wanda ke cinye kaso mai tsoka na kuɗin. Ƙungiyar Malamai ta Ƙasa, NUT, ta daɗe tana adawa da mayar da albashin 'ya'yanta hannun shugabannin ƙananan hukumomi, saboda tunawa da shekarun da malamai suka yi watanni ba a biya su ba. Gwamna Nasir Idris ya san wannan tarihi sarai, domin ya shugabanci ƙungiyar a matakin ƙasa kafin ya hau mulki a 2023.

Hujja ta biyu ita ce tsaro. A ranar 17 ga Yunin 2021, makonni uku kacal bayan hatsarin Wara, 'yan bindiga suka afka wa Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Birnin Yauri, a cikin Ƙaramar Hukumar Ngaski, suka sace ɗalibai da malamai. 'Yan mata 11 sun daɗe a hannunsu, kuma sai a watan Mayun 2023 na ƙarshensu suka dawo gida, bayan iyaye sun fito neman taimakon jama'a. Babu ƙaramar hukumar da za ta iya tunkarar irin wannan ita kaɗai, don haka wasu ke ganin haɗa kuɗi a matakin jiha ya fi amfani.

Duka hujjojin biyu suna nuna buƙatar tsari ne mai haske: a cire albashi bisa ƙa'idar da kowa ya sani, a amince da gudummawar tsaro a rubuce, sauran kuma ya isa sakatariya. Abin da ya gurgunta ƙananan hukumomi shi ne yanayin da shugaba zai ce kuɗi bai zo ba, jiha ta ce ta tura, talaka ya rasa wanda zai tuhuma.

Abin da jama'a za su iya nema

Kuɗin da ya iso hannun shugaban da bai ji tsoron ƙuri'a ba, wurin ɓarna kawai ya sauya. Matuƙar wanda ya tsayar da ɗan takara shi ne ke iya tabbatar masa da kujera, idon shugaba zai fi karkata ga Birnin Kebbi fiye da Zamare ko Gebbe. Gyaran wannan yana hannun Majalisar Dokoki ta Ƙasa da majalisun jihohi, kuma zai ɗauki lokaci.

Kafin nan, akwai abin da ƙungiyoyin ci gaban Yauri da Ngaski da Shanga, da 'yan kasuwa da malamai da matasa, za su iya yi. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa kason kowace ƙaramar hukuma wata-wata. Ana iya liƙa alƙaluman a ƙofar sakatariya da bakin kasuwa, a karanta su da Hausa a rediyo. Ana iya neman a bayyana abin da ake tarawa daga kasuwanni da bakin ruwa, da abin da yankin ke samu daga haƙar zinare da sauran ma'adinai a ƙasar Ngaski da Yauri. Ana iya neman kowane kansila ya zauna da mutanen mazaɓarsa kafin a rubuta kasafi. Shugabannin ukun kuma suna iya zama da takwarorinsu na Agwara da Borgu su amince da ƙa'idar lodi guda, tunda jirgin da ya nutse a 2021 daga tsallake ya taso, kuma dokar da ta tsaya a gaɓa ɗaya rabin doka ce.

Idan damina ta kankama ruwa ya cika, iska ta fara kaɗawa, jirage za su ci gaba da tasowa da asuba cike da mata masu kai kaya kasuwa. Wanda ke son sanin ko hukuncin 11 ga Yuli ya iso Masarautar Yauri, ya je bakin ruwa a Wara ranar kasuwa ya duba ko akwai mai riƙe da littafi, kuma ko yana da ikon cewa jirgi ya cika.