Abin da Ya Hana Giwa Tsalle

Yayin da dabba ke girma, nauyinta kan riga ƙarfin ƙashinta ƙaruwa, kuma wannan ƙa'ida ce ke tsara tafiyar kusan kowace halitta a doron ƙasa. Galileo, masanin nan na Italiya, ya bayyana ta a littafinsa da ya fito a 1638. Idan aka ninka tsawo da faɗi da kaurin dabba sau biyu, ƙarfin ƙashin da ke ɗauke da ita zai ninku sau huɗu, nauyinta kuwa sau takwas. Idan aka ninka sau goma, ƙashi ya samu ɗari, nauyi ya samu dubu. Haka abin yake ga tsoka.

Shi ya sa tururuwa ke jan ƙwayar hatsin da ta fi ta nauyi nesa ba kusa ba. Tsokarta ba ta fi ta bijimi inganci ba, jikin nata ne ba ya cinye mata ƙarfi. Tsaka ma ƙanƙantarta na cikin abin da ya ba ta damar yawo a rufin ɗaki ba ta faɗo ba.

Da girma ya ƙaru, sai tsayuwa ta sauya. Ɓera da kurege a duƙe suke tafiya, gwiwa a lanƙwashe, kullum a shirye suke su zabura. Barewa da doki sun fi miƙe ƙafa. Wani masani Ba'amurke, Andrew Biewener, ya nuna a 1989 cewa wannan miƙewa ce ke rage wa ƙashin babbar dabba wahala, domin nauyi na bin tsawon ƙashin ne maimakon ya lanƙwasa shi. Giwa ce ta kai abin maƙura. Toron giwar Afirka kan kai tan shida, ƙafafunsa kuma a tsaye suke ƙyam kamar ginshiƙan soro, da matashin kitse a ƙarƙashin kowace. Giwayen Yankari, kamar sauran 'yan'uwansu, ba sa tsalle, kuma ko a guje suke ba a ganin ƙafafunsu huɗu sun bar ƙasa lokaci guda. Gudun da aka auna wa giwa bai wuce kimanin kilomita 25 a awa ba. Irin wannan tsarin ƙafa aka tarar ga Jobariya, ƙatuwar dabbar da ta shuɗe, wadda aka tono ƙasusuwanta a jihar Agadas ta Nijar. Ba ta da dangantaka ta kusa da giwa, nauyi ne ya kai su ga tsayuwa iri ɗaya.

Mai tsammanin doguwar ƙafa ita ce gudu ya yi kuskure. Gwanayen gudu matsakaita ne. Rabbi, wani siririn ɗan'uwan damisa mai nauyin kilo hamsin ko makamancin haka, yakan kai wajen kilomita 100 a awa, domin kashin bayansa na lanƙwashewa yana miƙewa, yana ƙara masa tsawon taku. Binciken da Myriam Hirt da abokan aikinta suka wallafa a 2017 ya ba da dalili: babbar dabba kan ƙarar da ƙarfin zabura na tsokarta tun kafin ta gama tayar da nauyinta.

Tarihin doki shi ne misalin sauyin ƙafa don gudu da ƙasusuwan da aka tono suka fi fayyacewa. Masana sun ce shekaru kusan miliyan 55 da suka wuce, kakan doki a Arewacin Amurka bai fi kare girma ba. Yatsu huɗu gare shi a ƙafar gaba, uku a ta baya, yana cin ganye a cikin kurmi mai laushin ƙasa. Da sauyin yanayi ya rage dazuzzuka, filayen ciyawa suka yalwata, ɓuya ta yi wuya, sai gudu ya zama mafita. Sannu a hankali jiki ya ƙaru, ƙafa ta yi tsawo, yatsun gefe suka ƙanƙance, na tsakiya ya zama kofato. Dokin yau a kan farcen yatsa ɗaya yake tsaye. Tsokarsa ta taru a cinya da kafaɗa, ƙasan ƙafar kuwa ƙashi ne da jijiya, don ya yi sauƙin jefawa. Jijiyar kan miƙe idan ya taka, ta mayar masa da ƙarfin idan ya ɗaga. Amma tsarin da tsadarsa: ƙafar da ba ta da nama, idan ta karye, da wuya ta ɗoru, kuma barada sun daɗe da sanin haka.

Raƙumin dawa, wanda har yanzu ake gani a yankin Kure na Nijar, tsawo ya zaɓa. Ƙasusuwan wuyansa bakwai ne, daidai da na mutum, sai dai kowanne ya miƙe. Kafin jini ya hau zuwa kansa, hawan jininsa kan ninka na mutum kusan sau biyu, shan ruwa kuma sai ya buɗe ƙafafun gaba da ƙyar.

A sama iyakar ta fi tsanani. Tsuntsaye mafiya nauyi da ke tashi, dangin tuje, ba sa wuce kimanin kilo ashirin. Jimina, mai fiye da kilo ɗari, ta bar wa fiffike aikin daidaita jiki, ta koma ga ƙafa mai yatsu biyu da ke kai ta kilomita 70 a awa.

Ruwa ne kaɗai ya ɗage wannan takura, tunda shi ke ɗaukar nauyin. Dabbar da ta fi kowace nauyi a tarihin da aka sani ita ce shuɗin kifin wel, mai tsawon mita 30 da nauyin da kan haura tan 150. Sunan kifi dai aro ne, domin haihuwa take yi tana shayarwa. Kakanninta masu ƙafa huɗu ne da suka rayu a bakin ruwa shekaru kusan miliyan 50 da suka wuce, an kuma tono ƙasusuwansu a Pakistan. Dorina ce 'yar'uwarta mafi kusa a yau. Ƙafafun wel na gaba sun koma filafilai, na baya sun ɓace sai ɗan guntun ƙashin ƙugu a cikin nama. Wutsiyarta sama da ƙasa take bugawa, ba gefe da gefe irin na kifi ba, domin kashin bayan da ta gada na dabbar tudu ne.